Maki Shida da Kujerar Edita: Tarihin Kuɗin Talla da Amana a Jaridun Wasannin Bidiyo

Sabon wasan bidiyo kaya ne da ba a ɗanɗanawa kafin a saya. A Amurka, daga wajen 2006 an yi shekaru da dama ana sayar da babban wasa dala 60 ranar da ya fito, kuma da zarar mutum ya ɓare ledar faifan, da wuya kanti ya karɓa ya mayar masa da kuɗinsa. Don haka mai saye yana buƙatar wanda zai riga shi bugawa ya gaya masa gaskiya, ya saya ko ya haƙura. Wannan buƙata ce ta haifi sana'ar masu sharhin wasanni. Sai dai da lalurarta aka haife ta. Kamfanonin da take yanke wa hukunci su ne ke ba ta talla, su ne ke aiko mata da wasa kafin ya shiga kasuwa, su ne kuma ke riƙe da ƙofar ganin waɗanda suka ƙirƙire shi. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ana jan waɗannan igiyoyi uku, galibi a ɓoye. Abin da muka sani game da su, mun san shi ne domin lokaci-lokaci akan sami wani daga ciki ya ƙi yin shiru.

Zamanin mujallu

A 1981 Bill Kunkel da Arnie Katz da Joyce Worley suka fitar da Electronic Games a Amurka, a shekarar kuma Computer and Video Games ta bayyana a Birtaniya. Famitsu ta Japan ta biyo baya a 1986. Masu karanta waɗannan mujallu yara ne da matasa, waɗanda bankuna da kamfanonin motoci ba su damu su yi musu talla ba. Shafukan talla sai suka zama na masu wasannin kansu. Edita ya buɗe mujallarsa ya ga sharhin wasa a shafin dama, tallar wasan a shafin hagu.

Wasu kamfanonin ma ba su tsaya bin ta hannun kowa ba. A tsakiyar 1988 Nintendo ta ƙaddamar da tata mujallar, Nintendo Power, da hoton Mario na yumɓu a bangon fitowar farko, tana tallata Super Mario Bros. 2. Ba a yaudari kowa ba, tunda ga sunan kamfanin nan ɓaro-ɓaro a bango. Amma miliyoyin yara sun tashi suna jin labarin kaya daga bakin mai kayan. A 1991 kantin FuncoLand ya kafa Game Informer, wadda ta koma hannun GameStop a 2000. GameStop ta haɗa rajistar mujallar da katin rangwamen kantunanta, har a wajen 2011 adadin da ake bugawa ya kusa miliyan 8, ta zama ta uku a girma cikin dukan mujallun Amurka. Mujallar da ke cewa a sayi wasa ko kada a saya, mallakar mai sayar da wasan ce. Kamar dillalin kara ne da ke rantse maka da lafiyar sa, alhali la'adarsa a aljihun mai san take.

Babban abin ciniki a wancan zamani shi ne bango. Mujallar da ta riga kowa samun hotunan wasan da ake ɗoki, ita ke ƙarewa a kasuwa, kamfani kuma shi ke zaɓen wadda zai ba. A 2004 Atari ta fitar da Driv3r, wasan da ya zo cike da kurakurai. Yawancin masu sharhi suka ba shi matsakaicin maki ko ƙasa da haka, amma mujallu biyu na Birtaniya da suka sami damar fara buga shi, PSM2 da Xbox World, suka ba shi 9 cikin 10. Masu saye suka yi ca, suna zargin an yi musayar maki da damar riga kowa. Ba a taɓa kawo takardar da ta tabbatar da hakan ba, amma tabon ya zauna.

Akwai kuma wata cuta da ta shiga ba tare da hayaniya ba. A ma'aunin maki goma, bakwai ya zama kamar shi ne ƙasa, duk abin da ya gaza haka kuma zagi ne. Mujallar Amiga Power, wadda ta rayu daga 1991 zuwa 1996, ta yi suna ne kawai don ta dage cewa matsakaicin wasa rabin maki ya cancanta, kuma wasu kamfanoni sun daina aika mata kaya saboda haka.

Lokacin da maki ya zama kuɗi

Da intanet ta zo, GameSpot da IGN suka bayyana a 1996, karatu ya zama kyauta. Yawancin masu karatu suka daina biyan ko sisi, nauyin albashi kusan duka ya koma kan talla. A 2001 aka kafa Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi ya fitar da lamba guda. Wannan lamba ta fita daga hannun 'yan jarida ta shiga takardun kwangila. Chris Avellone na kamfanin Obsidian ya bayyana a 2012 cewa yarjejeniyarsu da Bethesda kan Fallout: New Vegas ta tanadi ƙarin kuɗi idan wasan ya sami 85. Ya sami 84. Daga nan za a gane dalilin da ya sa jami'in hulɗa da jama'a na kamfani zai ɗaga waya yana huci saboda rabin maki.

Abin da ya faru a GameSpot

Jeff Gerstmann ya shiga GameSpot tun 1996, ya kai matsayin shugaban sashen editoci. Shi ne ya ba The Legend of Zelda: Ocarina of Time maki 10 a 1998, karo na farko da shafin ya ba wani wasa cikakken maki. Shi ne kuma ya ba Twilight Princess 8.8 a 2006, masoya Nintendo suka yi masa ruwan zagi wai ya rage. Ba baƙo ba ne wurin ɓata wa mutane rai.

A Nuwamba 2007 kamfanin Eidos ya fitar da Kane & Lynch: Dead Men, wanda IO Interactive na ƙasar Denmak ya ƙirƙira, labarin wasu masu laifi biyu da suka tsere daga hannun hukuma. Eidos ya sayi talla mai yawa a GameSpot. Duk wanda ya buɗe shafin a makonnin nan, fuskokin mutanen biyu ne ke tarbarsa, sun mamaye gefen dama da na hagu da sama, labaran shafin na tsakiya kamar an yi musu ƙawanya. A cikin wannan ƙawanya Gerstmann ya saka sharhinsa: maki 6.0. A bidiyon da ya haɗa da shi bai tauna magana ba. Ya ce wasan mummuna ne, saitin harbi ba daɗi, abokan tafiyar da kwamfuta ke sarrafawa ba su da wayo, ashariya kuma ta yi yawa ba gaira ba dalili.

Ranar 28 ga Nuwamba aka sallame shi. Bidiyon ya ɓace daga shafin na ɗan lokaci, kamfanin ya ce matsalar sauti ce. Cikin kwana biyu labari ya game intanet, masu zanen barkwanci na Penny Arcade suka yi zane a kai, masu karatu suka yi dafifi suna ba wasan maki ɗaya don huce haushi. CNET, uwar kamfanin GameSpot, ta amsa cewa Eidos ya nuna rashin jin daɗinsa, amma ta ce korar ba ta da alaƙa da matsin lambar mai talla, ta kuma ƙi faɗin dalilin da sunan sirrin ma'aikaci. Gerstmann shi ma an ɗaure bakinsa da yarjejeniya.

Shirun nan ya fi korar yin ɓarna. Cikin watannin da suka biyo baya Alex Navarro da Ryan Davis da Brad Shoemaker da Vinny Caravella duk suka ajiye aiki. A 2008 Gerstmann da Davis suka kafa Giant Bomb, Shoemaker da Caravella suka bi su, masu karatu da yawa kuma suka bi sawu.

Gaskiyar ba ta fito ba sai bayan shekara huɗu da 'yan watanni, ta wata hanya mai ban dariya. CBS ta sayi CNET a 2008, sannan a Maris 2012 ta sayi Giant Bomb. Gerstmann ya wayi gari a ƙarƙashin rufi ɗaya da shafin da ya kore shi, aka warware yarjejeniyar, ya zauna gaban kyamara ya ba da labari. Ya ce barazanar janye talla ba sabon abu ba ce, kamfanoni sun saba yi, tsofaffin shugabanni kuma sun saba su saurara su bar ta ta wuce. Abin da ya canza shi ne an kawo sababbin manajoji da ba su san wannan rawa ba. Kafin Kane & Lynch, Sony ta yi irin wannan barazana saboda wani ma'aikacinsa ya ba Ratchet & Clank Future: Tools of Destruction maki 7.5, aka kira Gerstmann ofis aka yi masa faɗa. Da Eidos ya yi tasa, sai manajojin suka firgita suka yanke cewa ba za a iya amince masa da kujerar ba.

Babu ambulan da aka miƙa wa kowa a wannan labari, babu wanda ya sayi maki. An yi kurari ne, wanda ke tsaye tsakanin ofishin talla da ɗakin editoci kuma ya kasa tsayuwa. Kuma ko da ba a sake korar kowa ba, duk matashin mai sharhi da ya ga abin da ya sami ubangidansa ya ɗauki darasi, tunda in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Waɗanda suka buga barazanar

A shekarar da aka kori Gerstmann an ga wata hanyar dabam. A Maris 2007 shafin Kotaku ya sami labarin wani shiri da Sony ke ɓoyewa, wanda daga baya aka sani da PlayStation Home. Sony ta gargaɗe su kada su buga, suka buga, sai ta aiko da wasiƙar yanke hulɗa. Editan, Brian Crecente, ya ɗauki wasiƙar ya manna ta a shafin kowa ya karanta. Kafin ranar ta ƙare Sony ta janye.

A farkon 2008 Dan Hsu, editan Electronic Gaming Monthly, ya yi irin haka. A sharhin editansa ya ambaci sunayen waɗanda suka daina ba mujallar kaya saboda ba su ji daɗin rubutunta ba: Ubisoft, sashen wasannin motsa jiki na Sony, da masu Mortal Kombat na kamfanin Midway. A Nuwamba na shekarar, wani ɗan jaridar GameSpot a Birtaniya, Guy Cocker, ya fallasa cewa masu yi wa Eidos hulɗa da jama'a sun nemi duk wanda zai ba Tomb Raider: Underworld ƙasa da maki 8 ya jinkirta sharhinsa sai an wuce kwanakin farko na ciniki. A 2015 Stephen Totilo na Kotaku ya sanar da masu karatu cewa Bethesda ta shekara biyu ba ta amsa musu ko sallama, tun da suka tona cewa ana aikin Fallout 4, Ubisoft ma ta juya musu baya saboda sun riga ta sanar da sabon Assassin's Creed.

A Japan abin ya ɗauki wani salo. Mutum huɗu ke ba da maki a Famitsu, kowanne cikin goma. A 2010 suka ba Metal Gear Solid: Peace Walker 40 cif, alhali sunan mujallar yana cikin wasan, tsohon babban editanta kuma shugaban kamfanin da ke buga ta, Hirokazu Hamamura, ya fito a tallarsa. Da Kotaku ta yi magana, Konami ta soke gayyatar da ta yi wa reshenta na Japan zuwa bikin ƙaddamarwa.

Teburin Doritos

A Oktoba 2012 wani hoto ya bazu. Geoff Keighley, ɗaya daga cikin fitattun fuskokin wannan sana'a, yana zaune yana amsa tambayoyi. A gefe guda ga babban allon tallar Halo 4, a ɗaya gefen ga tebur ɗauke da kwalaben Mountain Dew da ledar Doritos, shi kuma a tsakiya fuska ba walwala. A daidai lokacin, a bikin ba 'yan jaridar wasanni kyaututtuka a Landan, aka ce duk wanda ya tallata sunan wani wasa a Twitter zai iya cin PlayStation 3, wasu 'yan jarida kuwa suka yi.

Marubuci ɗan Sikotlan, Robert Florence, ya haɗa abubuwan biyu a maƙalarsa ta Eurogamer. Bai ce an sayi kowa ba. Cewa ya yi kusancin ya yi yawa: ana cin abinci tare, ana shan shagali tare, ana karɓar kyauta, har ɗan jarida ya daina ganin bambancinsa da jami'in talla. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da ladan rigar kyauta ce da tikitin jirgi. Aka kai ƙorafin ɓata suna kan wani sashe da ya ambaci wata 'yar jarida, Eurogamer ta cire sashen saboda tsaurin dokar Birtaniya, Florence ya ajiye alƙalaminsa a shafin. Cirewar ta sa maƙalar ta fi yaɗuwa. Bayan haka shafuka da dama suka rubuta ƙa'idojinsu a fili: wa ya biya kuɗin tafiya, me ake yi da kyauta, daga ina aka sami wasan. Keighley kuwa ya kafa The Game Awards a 2014, bikin da yau ya fi kowanne girma a fagen, wanda kuma tallace-tallacen sababbin wasanni ke cin kaso mai yawa na lokacinsa.

Kuɗin ya sauya hanya

Ana cikin gyaran ƙa'idoji sai kamfanoni suka gano ba lallai ne su bi ta kan 'yan jarida ba. Matashi mai kyamara a ɗakinsa yana da masu kallo fiye da kowace mujalla, ba shi da edita, ba shi da ofishin talla dabam, shi ne duka. A 2014, gab da fitowar Middle-earth: Shadow of Mordor, Warner Bros. ta biya wasu 'yan YouTube ta hannun wani kamfanin talla, bisa sharaɗin su yabi wasan kuma kada su nuna kurakuransa. John Bain, wanda aka fi sani da TotalBiscuit, shi ya fara tona zancen bayan an yi masa tayin. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta bincika, a Yuli 2016 ta cimma matsaya da kamfanin. Ta ce an kalli bidiyoyin sama da sau miliyan 5.5, na PewDiePie kaɗai miliyan 3.7, kuma an bar sanarwar ɗaukar nauyin a cikin rubutun ƙasan bidiyo, sau da yawa inda sai an latsa kafin a gani. Shekara guda kafin nan hukumar ta kama Machinima da biyan wasu mutum biyu dala 15,000 da dala 30,000 don yabon Xbox One ba tare da sun faɗa ba. Abin lura, Shadow of Mordor wasa ne mai kyau da ya sami yabon masu sharhi na gaskiya. Ko kaya mai kyau ma kamfani bai yarda ya bar shi a hannun ra'ayin da ba ya iko da shi ba.

Igiyar lokaci ma ba a sake ta ba. A Nuwamba 2014 Ubisoft ta hana a buga sharhin Assassin's Creed Unity sai bayan sa'o'i da fara sayar da shi, wasan kuma ya zo da kurakurai har fuskokin mutane na ɓacewa. A Disamba 2020 CD Projekt ta ba masu sharhi Cyberpunk 2077 na kwamfuta kawai, ta hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu. Ba wanda ya ga yadda yake a PlayStation 4 sai da mutane suka biya. Cikin kwanaki Sony ta cire shi daga kantinta ta mayar wa masu saye kuɗinsu.

Masu karatu ma ba waliyyai ba ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rikicin Gamergate na 2014 ya ɗaga tutar gyaran aikin jarida, amma ƙarfinsa ya tafi wajen tsangwamar mata masu ƙirƙirar wasanni da masu rubutu, ba manyan kamfanoni masu kuɗin talla ba. Makamin da ya ɗauka ma shi ne na Eidos: a Oktoba na shekarar aka yi wa Intel ruwan wasiƙu har ta janye tallarta daga shafin Gamasutra saboda wata maƙala, kafin daga baya ta nemi afuwa ta dawo.

Inda aka kwana

Shekarun baya-bayan nan ba su yi wa sana'ar daɗi ba. Kuɗin talla ya koma YouTube da Twitch, shafuka suka yi ta sauya iyayengiji. IGN ta sayi kantin wasanni na Humble Bundle a 2017, ta sayi Eurogamer da 'yan'uwanta a 2024. A Agusta 2024 GameStop ta rufe Game Informer rana ɗaya bayan shekara 33, ta sauke rumbun rubuce-rubucenta daga intanet. Mujallar ta dawo a Maris 2025, amma da kuɗin Gunzilla Games, kamfanin da shi ma wasanni yake yi, tare da alƙawarin ba zai sa baki a aikin editoci ba.

Wasu kuma sun koma neman abinci kai tsaye daga hannun mai karatu. Gerstmann ya bar Giant Bomb a 2022 ya buɗe shirinsa da kuɗin masu saurare ta Patreon. Tsofaffin ma'aikatan Kotaku sun kafa Aftermath a 2023, mallakar ma'aikatanta. Giant Bomb ta koma hannun mutanenta a Mayu 2025. Wannan ya tsinke igiyar talla, amma wasan farko da ƙofar hira suna nan a hannun kamfani, mai biyan dala biyar a wata kuma yana iya fushi ya janye idan aka taɓa wasan da yake so.

Saboda haka babu wata hanyar samun kuɗi da ta isa ta wanke ɗan jarida ita kaɗai. Abin da ya bambanta waɗanda suka tsira da mutuncinsu da waɗanda suka zubar shi ne yadda suka yi da matsin lamba sa'ad da ta zo. CNET ta rufe ƙofa ta yi shawara, ta rasa editocinta da yardar jama'a. Crecente da Hsu da Totilo da Bain sun kai maganar gaban masu karatu, wasunsu sun yi asarar talla ko hira, amma aka ci gaba da yarda da makinsu. Kamfani yana iya tsoratar da edita ne muddin maganar tana tsakaninsu su biyu. Mai karatun da ke son sanin ko sharhi abin dogaro ne, ya duba ko shafin ya saba faɗin wanda ya biya, da sharuɗɗan da aka gindaya masa, da kuma ranar da ya taɓa rasa wani abu saboda ya faɗi abin da ya gani.